Raunin Hajara Ya Bushe a Waje

Zuwa ga Shugaban Sashen Tiyata na asibitin da ya yi wa matata aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, sunana Iliyasu, direban babbar mota, mazaunin Zongo a nan Kotonu. Matata Hajara, mai sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo, ita ce kuka yi wa aikin ciwon dajin tumbi bara, da sabuwar tiyatar nan ta kyamara wadda ba a tsaga ciki, sai 'yan huje-huje.

Na farko, ba zan ɓoye alherinku ba. Washegarin aikin ta taka da ƙafarta, mako bai cika ba kuka sallame ta. Matan unguwa da suka zo dubiya har tsokanarta suke, wai ai ba a ma yanka ta ba. Rabon da in ji dariyarta irin ta ranar, tun kafin ciwon.

Na biyu, takarda kawai aka miƙa mana da Faransanci. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce zazzaɓi bayan irin wannan aiki na iya nufin ɗinkin ciki ya saki.

Na uku, kuma shi ne ke cin raina. Da jikinta ya ɗauki zafi, cikin ya kumbura, na maido ta. Ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta ɗaga rigarta, ta ga raunukan sun bushe, ta ce a sha maganin zazzaɓi, mu dawo ranar randebu, wato ranar da aka sa mana ta ganin likita. Na so in yi gardama, Hajara ta riƙe hannuna ta ce mu tafi, sun fi mu sani. Da muka sake komowa, a kwance aka shigar da ita. Likitan da ya duba ta ya ce mun makara. Ba ta kai la'asar ba.

Kwanan baya na ji likitanku a rediyo yana yabon wannan tiyata, cewa marasa lafiya na komawa gida da wuri. Gaskiya ne. Hajara ma ta koma da wuri. Shin tana cikin waɗanda kuke ƙirgawa a nasara?

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba diyya nake nema ba. Roƙona ku ajiye mai bayani da Hausa da sauran harsunanmu ranar sallama. Duk wanda ya dawo da zazzaɓi, likita ya duba shi nan take. Ku riƙa bin marasa lafiyarku har gida kafin ku ce sun warke.

Allah ya yi muku jagora, ya sa waraka a hannunku. Ita kuma, in kun ɗaga hannu, ku ambaci sunanta.

Wassalam.

Iliyasu, Zongo, Kotonu.