Butar Shayin Baba

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara, ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau.

Baba ya raba mana kayan da ya tara a tafiye-tafiyensa. Ni na samu butar shayin nan ta tagulla da ya sayo a Agadas, tana ajiye gidan ƙanenmu Sani a garin Yara. Yaya, a banɗaki na tarar da ita! Da ita suke tsarki. Matarsa ko kunya, wai ta robarsu ce ta fashe. Na dirje ta da toka har hannuna ya saɓule, amma har yanzu na kasa ɗora ta a wuta.

Ki gaida su Ummi, ki sa ni a addu'a. Ranar Juma'a Baba zai zo, kuma a cikin butar ya ce in dafa masa shayi.

Ƙanwarki,
Rabi