Tafiyar Mande Zuwa Wuta

Laraba, 1 ga Disamba

Mun bar Milna da safe, ni da Dinko, ƙanin marigayiya matata. Zan kai jirgin ruwana, Mande, gida Komiža a ƙone ta gaban coci ranar Waliyyi Nikola, shida ga wata, a shafa wa sababbin jirage tokarta. Ubana ne ya sassaƙa ta, ya sa mata sunan uwata. 'Yata Lukre ta so a sayar wa wani mai gidan abinci, wai ya shuka furanni a ciki. Furanni! Na ce ko bayan raina ban yarda ba.

Alhamis, 2 ga Disamba

Muguwar iskar nan ta arewa ta taso mana daga kan duwatsu tun kafin rana ta take. Da ƙyar muka sauke ƙyallen jirgi muka shige tashar Hvar. Dinko ya yi ta amai yana zagina har da kakannina.

Juma'a, 3 ga Disamba

Iska. Teku fari fat, kamar ana tafasa shi. Tsibirinmu ga shi can ina hange, ba halin zuwa.

Na ce wa mai kula da tasha gobe zan fita. Ya ce, "Kawu, ka fita mana, amma ka bar mini sunan wanda zan kira ya zo neman gawa." Yaron da aka haifa jiya. Injin ma ya ƙi tashi, na buga masa guduma, ya ƙara ƙi.

Asabar, 4 ga Disamba

Mun wuni a gidan shayi ana karta. Na jero wa masu kartar jiragen da aka ƙone tun ina yaro, kowanne da mai shi da wanda ya nitse a cikinsa. Ba a takarda na riƙe su ba, makarantata ba ta wuce koyon baƙaƙe ba. Da na gama, duk sun koma kan waya. Dinko ya ce, "Tsoho, kai ma ka shiga cikin Mande a haɗa ku, tokar ta fi auki."

Lukre ta kira. "Baba, ka ci abinci? Ka sha maganin?" Na ce ta tambayi iska.

Ruwa na shigowa ta gefen hagu. Ina kwashewa ina ce wa Mande ta yi haƙuri, saura kaɗan. Ban san me ya sa nake lallashinta ba, abin da za a cinna wa wuta.

Lahadi, 5 ga Disamba

Fada Ante, limamin cocinmu, ya aiko daga Komiža. In ban iso gobe da safe ba za su ƙone jirgin iyalan Borčić. Wannan ruɓaɓɓen akwati, da bai taɓa wuce bakin gaɓa ba! Ni na roƙi wannan shekara, na tsaya gaban mutane na yi alkawari.

Na kwance igiya da rana zan fita. Dinko ya zauna a kanta, ya ce sai dai in jefa shi ruwa. Ya ce, "Yayata ta bar mini kai amana, kaya mafi nauyi da ta bari." Na kira shi matsoraci. Ya miƙo mini burodi da kifin gishiri. Na ci, don yunwa, ba don shi ba.

Litinin, 6 ga Disamba

Sun ƙone na Borčić. Dinko ya nuna mini a waya, na ce idona ba ya gani.

Da yamma iska ta kwanta luf, kamar ba ita ba. Munafuka.

Laraba, 8 ga Disamba

Teku kamar mai. Dinko ya ce mu ƙarasa Komiža mu ja Mande kan tudu ta jira baɗi. Na ce itace in ya shekara a tudu tsagewa yake yi, kowa ya sani, kuma ba zan kai wa Waliyyi tarkace ba. Milna za mu koma.

Na shiga kanti na sayi kwalta da zaren toshe tsaga. Mai kanti ya ce ko in haɗa da fenti, akwai shuɗi mai kyau. Dinko ya tsaya a ƙofa yana kallona, bakinsa na motsi. Na ce in ya yi magana, to a ƙasa zai koma gida.

Gwangwani biyu na fentin na ɗauka. Ɗaya ba ya isar ta.