Famfon Baba na Ƙofar Gida

Ƙofar Durbi, Katsina.

Yaya Sagir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Jamila da yara. Yaya aiki, yaya Legas? Mu nan sai godiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Na rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Gaskiya ne ruwan gidan nan ya rage ƙarfi tun bayan rasuwar Baba, buta ɗaya sai ka gaji da tsayuwa kafin ta cika. Malam Almu mai gyaran famfo ya zo ya ƙwanƙwasa bututu sau biyu, ya ce ruwan bohol ɗin ne ya ja baya, masu ɗiba sun yi masa yawa. Kai kuma daga can ka yanke hukunci a rufe famfon waje, aka rufe.

Yaya, famfon nan Baba ya fito da shi ta katanga don ya zama sadakarsa mai gudana. Jiya Iya Mairo mai ƙosai ta zo da bokiti, ta tarar an toshe, ta juya da bokitinta wayam. Kunya ta kama ni, na shige ɗaki na yi kuka. Ga shi kwana huɗu da rufewa, na cikin gida bai ƙaru da ko ɗigo ba.

Ka ba ni mako guda kafin ka sa a cire shi ɗungurungum. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Rashida.

Ƙofar Durbi, Katsina.

Yaya Sagir,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan duk kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya sa haka amin. Gyara zama ka sha labari.

Ranar Laraba da aka kawo wuta na kunna injin bohol ɗin, na zauna da agogo a hannu. Minti arba'in tankinmu na sama ya cika har ya yi ambaliya, daidai yadda yake yi da ran Baba. Bohol ɗin da ruwansa ya ja baya ai ba zai yi haka ba. Ke nan ruwa yana hawa lafiya lau, wajen saukowa ne ake tare shi.

Na ari tsani a maƙwabta, na sha ɗamara da mayafi na hau, Inna tana ƙasa tana ta salati. Na juye ruwan tankin, na zura hannu har kafaɗa. A bakin bututun da ke saukar da ruwa na taɓo wani abu mai santsi. Ashe yankin gidan sauro ne aka ɗaure da waya don tace yashi, laka da gansakuka sun liƙe shi tam. Da ganin ƙullin na san na Baba ne.

Da na nuna wa Inna sai ta ce, "Ashe abin da Babanku ke hawa yi ke nan duk Juma'a. Ni ina ta yi mai faɗa kar ya faɗo."

Wata bakwai da rasuwarsa ba wanda ya wanke, mu kuma muka ɗora wa maƙwabta laifi. Na wanke ragar tas, na mayar, na cika tanki. Da na murɗa famfon tsakar gida sai da ya jiƙa ni sharkaf. Malam Almu ya zo ya gani, ya ce shi ma da ma ya yi wannan tunanin. Na ce Allah ya ƙara basira, sannan na sa shi ya buɗe na waje da hannunsa.

Ban jira izininka ba, ka yi haƙuri, kuma ban yi nadama ba. Na bi gida gida na ba mutane haƙuri da bakina. Hawan Juma'a kuwa ya zama nawa.

Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙarar ruwa yana zuba a jarkar wani ta bayan katanga. Ban san ko waye ba, ban kuma leƙa ba. Na dai san ladan yana isa wurin Baba.

Inna tana sa maka albarka. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Rashida.