Dutsen Danne Kabeji

Litinin, 21 Oktoba 2019

Na yanka kabeji kai talatin, hannuna duk gishiri. Na ɗauko dutsen Baba zan wanke in danne ganga kamar kowace shekara, sai ya suɓuce ya faɗi a dandamali. Simintin da ke shafe a gefe ɗaya ya ɓare. Akwai rubutu a ƙarƙashi. Ba irin namu ba. Da zanen kyandir biyu.

Na zauna a ƙasa, ni da gwiwar nan tawa, ban san tsawon lokacin ba.

Talata, 22 Oktoba

Ban danne gangar ba. Na rufe dutsen da tawul.

Laraba, 23 Oktoba

Na aika wa wata mata a gidan tarihi hotonsa. Kafin shayina ya huce ta kira. Ɓarin dutsen kabari ne, na Bayahudiya, Chaja 'yar Mendel, ta rasu 1931. Ta tambaye ni a hankali inda na samo shi. Na ce a lambu. Ƙarya, da furfurata.

Shekara sittin muna cin abin da wannan dutse ya danne. Sau huɗu kabejina yana zuwa na ɗaya a bikin girbi. Har fadan cocinmu na kai wa kwalba biyu.

Alhamis, 24 Oktoba

Ƙanena Zdzisław ya zo. Ya duba, ya ja tsaki, wai in jefa a kogi daga kan gada. "Yaya, so kike a sa sunan Baba a bakin kasuwa?" Na ce sunan Baba ko shagonka? Ya fita bai ɗauki hularsa ba.

Wataƙila Baba bai sani ba. Tsinta ya yi. Haka nake ta faɗa wa kaina.

Lahadi, 27 Oktoba

Bayan coci na je wurin Goggo Leokadia, yayar Baba. Shekara casa'in da ɗaya, kunne ya tafi, baki yana nan. Da na ba ta labarin dutsen, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce Jamusawa ne, a Yaƙin Duniya na Biyu, suka farfasa maƙabartar Yahudawa da ke kan Tudun Awaki suka shimfiɗa hanyar kasuwa, da yaƙi ya ƙare kowa ya zo da baro. Wai in leƙa ƙarƙashin matakalar gidajen layinmu in gani.

Na ce, Goggo, ai Baba bai iya karanta rubutunsu ba.

"Ke Bogumiła, to simintin wa ya shafa? Mutum yana rufe abin da bai sani ba ne?"

Ta ce Chaja mai gasa burodi ce a bakin gada, 'yarta ce take ba su gutsure suna yara. Sai ta tambaye ni ko kabejin bana zai yi kyau.

Litinin, 28 Oktoba

Shekara talatin da huɗu ina koyar da labarin ƙasa a garin nan. Na san tsayin Tudun Awaki, na san irin ƙasarsa. Kowace bazara ina hawa da ɗalibai mu ci burodi a kan ciyawa. Na kuma san fiye da rabin garin na Yahudawa ne kafin yaƙi. Lamba ce kawai, ina rubuta ta a allo in goge. Kunya nake ji, har ba na son wucewa ta gaban makaranta.

Laraba, 30 Oktoba

Gangar ta fara wari. Na je wanke kabarin Baba da Mama saboda ranar matattu. Na Mama ya fito fes. Na tsaya da soso a kan sunan Baba, hannuna ya ƙi.

Juma'a, 1 Nuwamba

Gari duka ya tafi maƙabarta da furanni. Ni na nufi Tudun Awaki da dutsen a baro, ta tsakiyar kasuwa, ban rufe shi da tawul ba. Genowefa maƙwabciyata ta gani daga taga, ta saki labule. Matakalar gidanta ma uku ne.

Tudun ya fi yadda na sani tsayi. Ban san inda Chaja take kwance ba, sai na jingina shi da wata tsohuwar bishiya, rubutun yana kallon gari. Matar gidan tarihi ta ce su tsakuwa suke ajiyewa, ba kyandir ba. Na ajiye ɗaya.

Na kunna wa Baba kyandir ɗinsa daga baya. Ban yi masa magana ba.

Kabejin ya ruɓe, na zubar. Zdzisław ya ce zai samo mini wani dutse daga kogi. Na ce bana dai a bari.