Mai Baƙin Murfi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya babansu? Baba na nan da sauƙi, sai dai idon nan ya ƙarasa rufewa, abinci kuma sai da lallashi.

Shawara nake nema, kar ki yi dariya. Turarena ya ƙare, na shiga shagon da ke kusa da wurin aikinmu. Mai shagon ya ɗauko kwalabe biyu kamar tagwaye, ɗaya mai jan murfi, ɗaya mai baƙi. Ya fesa min jan a hannun dama, baƙin a hagu. Na shinshina har kaina ya sara, ban ji bambanci ba, na ce zan dawo.

Ina miƙa wa Baba shayi sai ya riƙe hannuna na hagu, ya ce, "Kin dawo?" Da muryar da yake yi wa marigayiya Mama magana ya faɗa. Ranar ya cinye abincinsa tas. Ashe turaren Mama ne? In haka ne shi zan saya.

Taki,
Auta

Auta,

Na ga saƙonki, muna lafiya.

Mama ba ta taɓa shafa turare ba, tari yake sa ta. Sau ɗaya ya taɓa jikinta, ranar da muka yi mata wanka, ke kina makaranta. Wata maƙwabciya ce ta miƙo min kwalba mai baƙin murfi, ni na shafa mata. Baba yana zaune bakin ƙofa har aka fito da ita.

Ki sayi jan. Ki wanke hannun nan da kyau, don Allah.

Yayarki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Jan na saya, hannu kuma na dirje shi da sabulu har ya yi zafi. Babu komai a jikina yanzu.

A ɗakin Baba ƙamshin yake. Na wanke zanen gado da labule, na buɗe tagogi, yana nan, ya fi ƙarfi a gefen bango. Baba ya koma kwana a bakin gado. Yana cin abinci, yana hira ƙasa-ƙasa, in na shigo ya ce in yi sallama da kyau, ba shi kaɗai ba ne.

Yau da safe ya ce in goge masa farar rigarsa, wai ta gaji da jira. Na ce wutar lantarki ta ɗauke.

Ki bar yaran wurin babansu ki taho.

Auta