Injinka Ya Shaƙe, Geronmu Na Ƙetare

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a duk ramin zinaren da kake a Jado, Inna na gaishe ka. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Injin jirgin ruwanka ya ƙi tashi. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Kada ka ce ban zuba mai ba, man ne ma ya yi masa yawa. Kafireta sai tsiyaya take yi, fetur na ɗiga cikin gulbi, fulogi kuma duk lokacin da na kwance sai in tarar da shi sharkaf. In goge, in shanya, in mayar, ya yi tari ya mutu.

Ka san inda geronmu yake. An yanke, an ɗaure, dammuna na jibge a ƙetare ta wajen Gatawa. Mutanen daji sun riga sun kwashe na gonar da ke maƙwabtaka da tamu. Ruwa bai ja baya ba, kuma da gora ba za a tura jirgi mai kaya a wannan igiyar ruwa ba. Abincin gidanmu na shekara ke nan a fili, ni kuwa ina bakin mashigi ina kokawa da ƙarfe.

Ba abin da ban gwada ba. Na cire tiyon mai, na murɗa totur har ƙarshe, na ja don ya bushe. Na tace fetur da ƙyalle, tunda na kwalba muke saye kuma bai rasa yashi. Wani makanikin babur a Sabon Birni ya ce akwai wata allura a cikin kafireta da ke toshe mai in ya cika, ita ce ba ta rufewa. Na buɗe. Na ga allurar, na ga 'yar robar da ke ɗaga ta, sai kuma ga wata siririyar waya da ka naɗa a jikinta da hannunka. Ta mece ce, Yaya? In cire? In ƙara matsewa? Na zauna ina kallonta kamar ita za ta ba ni amsa.

Haushinka nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Duk ranar da za ka buɗe kafiretar nan sai ka juya wa mutane baya, ka lulluɓe ta da rigarka, kana cewa, "Injin ga kunya garai, ba a buɗe mai ciki gaban mutane." Mu yi ta dariya. Mun san don Isiya kake yi, mai ɗaya jirgin, da kuke rigimar fasinja da shi. To ni fa? Ni ma Isiya ne? Uwa ɗaya uba ɗaya, ka tsallake hamada ka bar ni da inji ba ka bar mini hannunka ba.

Duk da haka, da na sunkuya a kansa na ji warin man nan, sai na tuna yadda kake shigowa gida da shi a jikinka, Inna na korarka ka je ka yi wanka kafin ka taɓa tuwo. Kewarka ta kama ni a wurin, da sukurdireba a hannu.

Ga abin da na yanke. Gobe da safe za ni ɗauki injinka a ka in kai wa Isiya. Za ni shimfiɗa buhu a bakin mashigi, mu baje cikinsa ɗaya bayan ɗaya, da wayarka da komai, kowa na gani. In abin ya ƙona maka rai, ka dawo ka hana ni.

Allah Ya tsare ka daga ruftawar rami, Ya tsare mana geronmu, Ya maido mana da kai ko da hannu wofi.

Ƙanenka,
Nafi'u