Jirgin da na hana Hamisu

Zuwa ga aminina Malam Bukar,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, inda kake ba a kai wasiƙa. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, Babarbare, cewa za ka yi in zo in faɗa maka da baki. To yanzu ina zan same ka in ba maƙabarta ba? Can kuwa addu'a ake kaiwa, ba ƙorafi ba. Shi ya sa na zauna a zauren gidan tarihin nan da muka kafa ni da kai, nake rubutu.

Iyalinka lafiya. Hajiya Falmata ta koma wajen ɗanku a Kafin Hausa, ƙafar ce dai ba ta barinta. Ɗakin da muka fara ƙarawa kafin ka kwanta ciwo na rufe shi da kwano, na jera kayan masunta a ciki yadda ka so, koma da taru a jikin bango, gorunan su a ƙasa. Bara har daga Jahun aka kawo 'yan makaranta. Na yi musu bayani, amma ba ni da bakinka, rabinsu hamma suka yi ta yi.

Bana ruwa ya zo mana da mugun nufi. Ka san yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin kogi, ruwa ya rasa inda zai bi sai gonakin shinkafa da gidajen mutane. Ƙauyukan bayan Auyo su suka fara sha.

Ka tuna jirgin marigayi Sarkin Ruwa Ɗanjuma, wanda aka sassaƙa daga gungumen maɗaci guda? Ka tuna sintirin da muka yi a babur ɗinka yana hana mu, har sai da matarsa Iya Gambo ta sa baki, ta ce gara yara su riƙa kallonsa da a bar wa gara a bayan gida? Har busasshen kifi ta ƙulle mana a ranar. Muka ɗora jirgin a kan duwatsu a tsakiyar babban ɗaki, duk wanda ya shigo shi yake fara tsayawa kallo. Da ya daɗe bai ga ruwa ba sai ya tsage ta ƙasa, tsagar da yatsana ke shiga. Muka cike ta da garin katako da gam, muka shafe shi da mai. A nan ka ce mini kada jirgin nan ya sake taɓa ruwa har abada, don duk wanda ya shige shi kabarinsa ya shiga. Na riƙe maganarka kamar yadda na saba.

Wata safiya Hamisu, ɗan Sarkin Ruwa, ya iso da a-kori-kura, jiƙe har ƙirji. Jirage sun yi ƙaranci a ƙauyensu tun da mutane suka bar kamun kifi suka koma noman shinkafa, 'yan kaɗan da suka rage suna ta kwasar yara. Mahaifiyarsa Iya Gambo ba ta iya tafiya, tana ɗakinta, ruwa yana cin gindin bango. Jirgin ubansa ya zo nema. Bai ma ce in ba shi ba, aro ya ce.

Na hana shi, Bukar. Na ja shi ciki in nuna masa tsagar, ashe mun iya aikinmu fiye da kima, babu abin da ido zai gani sai katako mai sheƙi. Na rantse masa zai nutse da shi da ita. Ya daɗe yana kallona, bai zage ni ba, ya juya ya hau mota. Kafin ya samu wani jirgin bango ya faɗa wa Iya Gambo. A wani gari aka binne ta, don maƙabartarsu ma tana ƙarƙashin ruwa.

Na je ta'aziyya. Sun karɓi hannuna, amma babu wanda ya matsa mini a tabarma. Tun daga nan mutane suke zuwa karɓar kayansu. Kowa da sallamarsa da ladabinsa. Maƙeri ya ɗauke zugazugin kakansa, 'ya'yan masaƙi suka kwance masaƙarsu, jiya aka zo aka tafi da tarun. Ba na hana kowa, na gama hani. A gari ana cewa Malam Sabo ya fifita itace a kan rai. Duk wanda ya tare ni da maganar, abu ɗaya nake maimaita masa, cewa jirgin fasasshe ne, da nutsewa zai yi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwana kaɗan bayan rasuwar Iya Gambo ruwa ya shigo unguwarmu, ya cika gidan nan har ƙugu, aka yi kwanaki ba mai iya zuwa. Ranar da na ratso na tura ƙofar babban ɗaki sai na ji wani abu ya tokare ta. Jirgin ne. Ya tashi daga kan duwatsun da muka ɗora shi, ya taho bakin ƙofa yana lilo. Na leƙa cikinsa, ɗan ruwan da ke ciki bai kai na alwala ba. Na shiga, Bukar. Na zauna a ciki da nauyina duka, ya ɗauke ni. A nan na yi kukan da ban yi ba ko ranar da muka kai ka.

Ban sani ba ko itacen ne ya sha ruwa ya kumbura ya rufe tsagar, ko gam ɗinmu ne ya fi yadda muka zata. Ban sani ba ko da zai jure igiyar kogi da mutum biyu a ciki. Wa zai faɗa mini? Kai da ka yi magana da tabbaci haka, a ina ka samo shi? Ba ka taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba, ni ma haka, malaman makaranta ne mu. Ina jin haushinka, kuma ina kewarka, duka a lokaci guda. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk shekarun nan na fi yarda da kai a kan kaina. Ranar da ya kamata in yi tunani da kaina, muryarka na ji.

Na riga na yi magana da mai mota, gobe ne in Allah Ya kai mu. Zan kai wa Hamisu jirgin ubansa, in faɗa masa a gaban mutanensa cewa ya tashi a kan ruwa. Na san bayan wannan ko allura ba mai sake ba mu ajiya, wataƙila ƙarshen gidan ke nan. Ka yafe mini wannan. Duwatsun zan bar su a tsakiyar ɗaki, ba zan ɗora komai a kai ba, in wani yaro ya tambaya in gaya masa abin da ya taɓa zama a wurin da abin da na yi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya jiƙan Iya Gambo. Hamisu na san abin da zan ce masa. Ita ce ban san da wane baki zan yi mata magana ba ranar da za a tara mu.

Sai mun zo.

Naka,
Sabo, wanda ka bar wa makulli.